Malam Edita, a Ba Yaranmu Labaran Sallah da Za Su Haɗa Kan 'Yan Uba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da wata magana da ta tsaya mini a rai tun Babbar Sallar da ta wuce. Ni tsohuwar malamar firamare ce a Zariya. Na kama alli a 1981, lokacin da azuzuwa suka cika maƙil da yaran da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, na 1976 ya kwaso, na ajiye shi a 2016 bayan shekara 35. Yanzu ba ni da wani aji sai na jikoki, kuma su ne sanadin wannan takarda.

Gidanmu gidan mata biyu ne. Ni da abokiyar zamana, Allah ya jiƙanta, mun yi shekara talatin da ɗoriya a tsakar gida ɗaya. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, an sha saɓawa an shirya. Amma 'ya'yanmu a kwano ɗaya suka ci tuwo, kuma maigidanmu Malam, Allah ya kyauta makwancinsa, bai taɓa yarda a ce 'yan ɗakin wance a gabansa ba. Bayan su biyun sun riga mu gidan gaskiya, yara sun watsu, wasu Abuja, wasu Kaduna, wasu Kano, amma sun riƙe abu ɗaya: Babbar Sallah a gida ake yin ta. Bana raguna uku aka ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gida, biyu na 'ya'yan marigayiya, ɗaya na babban ɗana.

An sauko daga Idi, an yanka, an feɗe, an rataye. Ina zaune a kan kujera 'yar tsugunne ina wanke tumbi da hanji, aka fito da gasasshiyar hanta a faranti, yara suka yi caa a kai. Wani jikan marigayiya, ɗan shekara takwas, ya miƙa hannu. Sai jikana na cikina, wanda ya girme shi da shekara ɗaya, ya buge hannun ya ce, "Wannan hantar ragon babana ce. Ku je ku ci taku. Ai kakarmu ma daban." Uwarsa ta daka masa tsawa, ya yi shiru. Shi kuwa ɗayan bai yi kuka ba. Ya goge hannunsa a jikin sabuwar shaddarsa, ya fita zaure ya zauna, har la'asar bai sa komai a bakinsa ba.

Hannuna yana cikin ruwa amma jikina ne ya yi sanyi. Yaro ɗan shekara tara ba ya ƙirƙiro irin wannan magana. Ya tsince ta ne a bakin manya, ko a mota a hanyar zuwa, ko a wata hira da aka ɗauka ba ya ji. Tsawar da uwarsa ta yi ta rufe masa baki, amma na koyar da yara isasshen lokaci da zan san maganar tana nan kwance inda take.

Da dare aka ɗauke wuta. Mata suna bakin murhu suna suyar kayan ciki, maza suna zaure. Na sa aka shimfiɗa babbar tabarma, na kira yaran, su goma sha ɗaya. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Malam Edita, mutum ɗaya ce ta amsa, jikar kishiyata da ke zaune a wurina, wadda na ɗauko tun yaye. Ita kaɗai ta ce, "Ta zo mu ji ta." Sauran goman suka tsaya kallona suna jiran su ga abin da zan miƙo musu. Sai da na koya musu amsar, muka maimaita sau uku, kafin na fara.

Labarin da na ba su a nan take na ƙulla shi, da zaren da na gada da kuma abin da ya faru da rana. Wani dattijo ne mai mata biyu da 'ya'ya uku: babba ɗan uwargida, mai bi masa ɗan amarya, sai Auta, mace, wadda ita ce kullum take kai wa ragon layya dusa da ruwa. Daren jajibere rago ya tsinke igiya ya nufi jeji. Gizo kuwa ba shi da abin yanka, Ƙoƙi ta ishe shi da gori, sai ya je ya tsaya a mararraba. Babban ya zo da fitila, Gizo ya tare shi da tsamin bakinsa, "Bayka da Shayya! Kai ne babba, in ka tafi da ɗan amayya, shi za a yaba." Ya nuna masa gabas. Na biyun ya zo da igiya, Gizo ya raɗa masa cewa ɗan uwargida ya ce shi rago ne kamar ragon, ya nuna masa yamma. Auta ba wanda ya neme ta. Ta ɗauki ƙwaryar dusa ta bi bayansu ita kaɗai.

Mai fitila ya hango idon rago yana ƙyalli a cikin sabara, amma duk sanda ya matso sai rago ya zabura, ba shi da abin kira, ba shi da abin ɗauri. Mai igiya ya ji motsi a duhu ya wurga zarge, ashe ƙafar Kura ya kamo tana barci, da ƙyar ya kwance igiyarsa ya haye tsamiya. Auta ta girgiza ƙwarya ta kira ragon da sunan da ta raɗa masa, ya taho ya tsoma baki a dusa. To ga rago a hannu, ba igiya, ba haske, ba ta san hanyar gida ba, dusa kuma tana ƙarewa. Sai ga Gizo ya ɓullo yana murza hannu, "Yayinya, kawo yagon in yiƙe miki."

A nan na yi shiru. Wannan dabarar aji ce da na daɗe ina yi: ka kai yaro bakin rijiya, ka bar shi ya nemo guga. Na ce, "To, Auta ta yi yaya?" Wuri ya kaure. Wata ta ce ta hau bayan ragon. Wani ya ce ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure shi, wata ta ce ai rago zai ja ta ƙasa. Sai na ji muryar mai hantar nan daga gefen tabarma, "Ta ƙwala wa yayyenta kira mana!" Wanda aka buge wa hannu, wanda tun rana bai ce uffan ba, ya karɓe, "Mai fitilar ne zai fara zuwa. Shi ne zai haska ya ga ɗayan a kan tsamiya, in ba haka ba ai ba zai sauko ba, yana tsoron Kura." Ɗayan ya ce, "Kuma sai mai igiyar ya sauko za a ɗaure." Su biyun nan suka ƙarasa mini tatsuniyata, wannan ya sa jimla, wannan ya ɗora, har rago ya dawo turkensa kafin kiran assalatu.

Sun so a kama Gizo a lakaɗa masa duka. Na ce a'a, washegari da aka kasa nama uku, na ci, na kyauta, na sadaka, dattijon ya ce a kai wa Gizo nasa, domin maƙwabci ne kuma bai yanka ba, Auta ce ma ta kai. Nan aka yi gardama mai zafi, har wata 'yar shekara goma ta ce wannan ba adalci ba ne. Na ji daɗin gardamar ƙwarai, domin a cikinta ne suka fara tambayar dalilin da ya sa ake raba naman layya, abin da in da wa'azi na zo da shi da tuni rabinsu sun yi barci. Na rufe da ƙurunƙus kan ƙusu, na sallame su.

Washegari ranar rabon nama na haɗa su biyu-biyu, kowane jeri ɗaya daga zuriyata, ɗaya daga ta marigayiya. Ɗaya ya ɗauki faranti, ɗaya ya yi sallama ya isar da gaisuwa, tukwici kuma a kawo a raba daidai. Yaran nan biyu na aika gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan layinmu, da gidan wasu maƙwabtanmu Kiristoci 'yan asalin Wusasa, waɗanda duk Kirsimeti sai sun aiko mana da shinkafa da kaza tun zamanin Malam. Sun dawo suna musu kan wanda ya fi iya muryar Gizo. Ba zan ce tatsuniya ɗaya ta wanke abin da manya suka shuka ba. Abin da na gani shi ne ta buɗe musu ƙofar da tsawa ba ta buɗe ba.

Ni a gaban kakata, Iya, na koyi wannan. Bayan isha'i za ta zauna da mazari da alli da sutun audugar da ta shiɓe, tana kaɗi tana ba mu labari, zaren yana tsawo labarin yana tsawo. In ka gyangyaɗa sai ta ce, "Ina muka tsaya?" Mu kanmu ba zaune muke haka kawai ba, wata na ɓare gyaɗa, wata na tsince wake, wani na riƙe da ƙanin da ke rigima. Ba ta yarda a yi tatsuniya da rana, takan ce mai yi zai ɓata, kuma da na girma na gane rana ta aiki ce, shi ya sa. Wannan zama shi ne makarantar farko ta zaman tare, kuma ya mutu a yawancin gidaje ba tare da an yi masa jana'iza ba. Gidajen haya masu ɗaki biyu ba su da tsakar gida. Kaka tana ƙauye ko tana wani gari. Uwa ta dawo aiki a gajiye, ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta ɗora tukunya, kuma ban ga laifinta ba, na yi aikin gwamnati da goyo, na san yadda gajiyar take.

Amma akwai wata gaskiya da masu kukan a dawo da tatsuniya ba su cika faɗa ba, ni kuwa zan faɗe ta domin a gidan kishiya na tashi, a gidan kishiya na yi aure. Kaso mai yawa na tatsuniyoyinmu a kan bora da mowa aka gina su. 'Yar bora mai ladabi ta je rafi ta dawo da dukiya, 'yar mowa mai rashin kunya ta bi sahu ta dawo da kutare da makafi, ko ta hallaka, a yi ta murna. Darasin ladabi da haƙuri yana ciki, ban musa ba. Sai dai yaron da ke kwance a ɗakin uwarsa yana jin wannan kullum, wa kake tsammani zai ɗauka a matsayin 'yar mowa? 'Yar ɗakin da ke kallon nasu. Na ga matan da suke zaɓar irin waɗannan labarai da gangan, suna ɗaga murya don a ji a ɗaya ɗakin. Haka ake shayar da 'yan ubanci tun yaro bai san hagunsa da damansa ba, sai ranar rabon gado a ce shaiɗan ne ya shiga tsakani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wani lokaci da bakinmu muke tsaga shi. Don haka ni ban ce a kwaso duk abin da ke cikin rumbu a zuba wa yara ba. A sheƙe, a tsince, abin da babu kuma a ƙirƙiro. Iya ma ƙirƙira take yi, na sha kama ta tana sauya ƙarshen labari gwargwadon wanda ya yi laifi a ranar.

Rumbun kuwa cike yake. Tun tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin Turawa, Frank Edgar, ya buga tatsuniyoyi da labaran Hausa har juzu'i uku, waɗanda malamai suka rubuta masa da ajami. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni cikin ƙananan littattafai shida, da su muka koyar da Hausa shekara da shekaru, har bangonsu ya yage muna liƙewa. Ga kuma abin da ke bakin tsofaffin da suka rage, wanda kullum sai an binne wani sashensa.

Abin da ya ƙara tunzura ni na ɗauki biro shi ne wasu littattafai da 'yar ƙanina, da ke karatu a Amurka, ta zo wa yara da su tsaraba. Littattafan yara ne masu bango mai kauri da zane mai ɗaukar ido, da Turanci, wasu an kafa labarinsu a ƙauyukan Gana, da masaƙa da kasuwa da fadar sarki. Ta ce baƙaƙen fatar can suna karanta wa 'ya'yansu irinsu a lokacin wani biki da ake kira Kwanzaa, wanda wani malami mai suna Maulana Karenga ya ƙirƙiro a 1966. Kwana bakwai ake yi, daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, kowace rana da ɗabi'ar da ake tattaunawa a kai, da sunayen Suwahili. Ta farko umoja, haɗin kai. Akwai ujima, wadda da ta yi mini bayani na ce ai gayya ke nan. Akwai ujamaa, na ce wannan kuma gandu ne da adashe. Na daɗe ina juya littattafan nan a cinyata. Mutanen da aka kwashi kakanninsu a jiragen bayi, da yawa daga gaɓar nan tamu ta yamma, aka raba su da harshe da suna, sun zauna sun tsara kwanaki da littattafai don 'ya'yansu su san haɗin kan iyali. Sun burge ni, kuma sun sa na ji nauyi. Ban ce mu ari bikin kowa ba, muna da Idi biyu da addini ya ba mu, sun ishe mu. Abin da nake so mu ara shi ne himmar. Abin da suka tsinto da ƙyar, mu a tsakar gida muka tashi muka tarar da shi, amma na zaga shagunan littattafai da ƙafata ina neman ɗan littafin Hausa mai hoto da zan karanta wa jikoki a kan Sallah, na dawo hannu rabbana.

Maƙwabtanmu ma duk tafiyar ɗaya ce. Gizonmu shi ne Ananse na Ashantawa, mutanen da fatakenmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna hulɗar goro da su ta hanyar Gwanja da Salaga, kuma bayi sun tsallaka da shi teku, har yau ana ba da labarinsa a Jamaika. Yarbawa da Ibo kunkuru ne gwaninsu, mutanen Senegal zomo da kura. Ko'ina za ka tarar da mai wayon da ke son ci shi kaɗai, da abin da son kai yake jawo masa. A Bonwire kusa da Kumasi masaƙa suna cewa wurin gizo-gizo kakanninsu suka koyi saƙar kente, wanda ake saƙawa siriri-siriri sannan a haɗa a ɗinke ya zama zane, kamar dai yadda masaƙanmu ke yin fari da saƙi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a zama ɗaya. Babbar Sallar nan ita ce Tabaski a Nijar da Senegal da Mali, ita ce Ileya a ƙasar Yarbawa. Yaron Zariya da na zangon Kumasi da na Damagaram duk za su gane labarin ragon da ya tsinke, ba sai an yi musu fashin baƙi ba.

Na nace a kan Sallah ne domin a lokacinta ne yaro yake ganin haɗin kai da idonsa, yana kuma da nasa aikin a ciki. Ɗauki zakkar fidda kai. Daren Ƙaramar Sallah Malam yakan sa a fito da buhun masara ko dawa, ya zauna da mudun awo. Mudun-nabi huɗu ne a kan kowane rai da ke ƙarƙashinsa. Ba ya auna wa kowa sai ya kira sunansa, mai sunan ya zo ya riƙe bakin buhu a zuba nasa. Kuma bisa shekaru yake kira, ɗana, ɗanta, 'yarta, 'yata, a cakuɗe, har jaririn da ke goye sai an ɗago shi an ɗora hannunsa a kan hatsin. Duka a buhu ɗaya ake zubawa, da asuba manyan su ɗauka su kai inda aka ce kafin a tafi Idi. 'Ya'yanmu yau suna da furfura, amma in suka haɗu sai sun tuna wanda ya taɓa sakin bakin buhu hatsi ya zube. Yanzu da yawa ta waya ake tura kuɗi a ce wani ya auna a madadin gida. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai abin da na sani shi ne yaro bai ga komai ba, bai riƙe komai ba. In marubuci ya ɗauki daren nan kaɗai, da bakin buhun nan, ai ya samu littafi.

Ga tashe, da ake farawa daga goma ga watan azumi. Yara biyar ko shida su haɗu, wani ya liƙa gemun auduga, wani ya kaɗa gwangwani, wasu amshi, wani ya riƙe jakar hatsi da kuɗi, a ƙarshen dare a zauna a raba. Wanda ya taɓa yin tashe ya san rigimar rabo, ya san abin da ke faruwa ranar da mai kiɗa ya yi fushi ya tafi gida. Ga kai tuwon Sallah gida-gida, ga kitso da lalle da 'yan mata ke yi wa juna ranar jajibere, ga yawon Sallah inda babba ke riƙe hannun ƙarami ya kuma adana masa goron Sallarsa. Ko hawan da muke fita kallo a nan Zazzau, Hawan Sallah da na Bariki da na Daushe, mahayi ɗaya ake gani a kan doki, amma bayansa akwai mai yankan ciyawa, da mai wanke dokin, da wadda ta dafa wa zagage abinci tun asuba. Labarin ƙaramin yaron da ke yankan ciyawar nan nake so in karanta wa jikokina.

Sharaɗi ɗaya zan kafa wa masu rubutun, daga abin da na gani a aji. Labarin da yaro ya hango wa'azinsa tun daga shafin farko ya mutu. Mun sha karanta irin su: yaro nagari mai biyayya da yaro mugu, nagari ya ci jarrabawa, mugu ya karye a ƙafa, a ƙasa a rubuta darasi. Yara suna haddace darasin su rubuta a jarrabawa, su fita tara su ci gaba da dambe. Wanda ke kama su shi ne wanda kowane ɗan gida yake da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi, kuma matsalar ta ƙi warwaruwa sai an haɗa. A bar yaran labarin su yi kuskure, su yi kishi, su yi rowa, kamar yaran gaske. A sa 'yan uba a ciki, domin a gidajenmu suna nan, ɓoye su ba ya kawar da su. A sa 'yar riƙo, da almajirin gida, da ɗan maƙwabta da ba a ɗinka wa kayan Sallah ba. A ba mace dabara, kada kullum ta zama mai wanke-wanke a gefen hoto. Mai zane kuma ya zana murhu da turke da zaure yadda suke, yaro ya nuna da yatsa ya ce ga gidanmu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, mai sauƙi ne. Ka ware rabin shafi na yara, ko da a makonni huɗun da ke gaban kowace Sallah ne, a riƙa buga gajeren labari da Hausa mai sauƙi da zane ɗaya, wanda uwa za ta karanta cikin minti goma ko yaya ya karanta wa ƙannensa. A riƙa yanke shi a tsakiya, kamar yadda na yi wa nawa, a ce yara su aiko da yadda za a ƙarasa. A ɗora muryar mai karantawa a shafinku na intanet, don gidan da ba mai karatun boko su saurara ta waya, tunda wayar dai ta riga ta shiga hannun yaran. Sannan ku sa gasa. Gasar da wani Bature, Rupert East, ya shirya a nan Zariya a 1933 ita ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko da boko, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke da alƙalami a ɗakunansu. A yi irinta ta labarin yara, a sanar da sakamako ranar 26 ga Agusta da ake bikin Ranar Hausa. Masu kuɗin da ke raba shinkafa da atamfa da azumi, Allah ya saka musu, ɗaya daga cikinsu zai iya ɗaukar nauyin buga labarai goma da suka yi fice a raba wa makarantun firamare da Islamiyyu.

'Yan'uwana kakanni kuma, da iyayen da ke da tsohuwa a raye, a kunna wayar nan a ɗauki muryarta tana tatsuniya, a tura wa jikokin da ke nesa ta WhatsApp. Ni na fara. Tun bayan Sallah duk daren Juma'a nake aika musu guda, na kuma sayi littafin rubutu mai shafi tamanin ina zuba su a ciki, yanzu akwai tara, huɗu na Iya ne da na gyara, biyar nawa. In ka buɗe shafin, zan sa a buga su a kwamfuta in aiko maka, ba na neman ko kwabo.

Shekaranjiya da magariba mai hantar nan ya kira ni daga Abuja da wayar uwarsa. Bayan ya gaishe ni sai ya ce, "Hajiya, wai da Auta ta kai wa Gizo naman, ya ba Ƙoƙi ko shi kaɗai ya cinye?" Na ce ban sani ba tukuna, ya kira ɗan'uwansa na Kaduna su shawarta, abin da suka yanke su faɗa mini ranar Juma'a. Ya ce ba shi da lambar gidansu. Na karanto masa, yana maimaitawa yana rubutawa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
Birnin Zariya, Jihar Kaduna.